Tsofaffin majami'un Virginia: na masu sujada ne ko na dayosis?

Istifanus, daga Virginia:
Ina gaishe da dattawa da 'yan'uwa na wannan zaure. Shekarata uku ke nan a arewacin jihar Virginia ta Amurka, kuma tun da na zo nake amfani da ranakun hutu wajen ziyartar tsofaffin majami'un da Turawan Ingila suka gina kafin Amurka ta sami 'yanci, waɗanda har yanzu kimanin 50 daga cikinsu suna tsaye a faɗin jihar. A makon jiya na je wadda ake kira The Falls Church, wani madaidaicin gini na jan bulo da aka kammala a 1769, wanda garin da ya kewaye shi ma sunansa ya ara. Da na ba wani abokin aikina labari, ɗan Angilikan ne daga Najeriya, sai fuskarsa ta canza, ya ce mini shi ba ya taka ƙafarsa a can, domin gidansu ne aka fitar da su daga ciki da hukuncin kotu a 2012, yanzu kuma suna sujada a wani sabon gini da ba shi da nisa. Ya ƙara da cewa akwai shekarun da ikilisiyar tasu ta yi a ƙarƙashin Cocin Najeriya maimakon bishop na Virginia. Tambayata ga masana ita ce: idan mafi yawan masu sujada a tsohuwar majami'a suka raba gari da bishop ɗinsu, wane ne ya fi cancanta ya riƙe ginin, su da suke cika shi kowace Lahadi, ko dayosis ɗin da sunansa yake kan allon ƙofa?

Malam Yohanna, daga Wusasa:
Istifanus, sannu da ƙoƙari. Tambayar nan ba za ta amsu ba sai an koma baya, domin tushen rigimar da ka tarar ya girmi Amurka kanta. Turawan da suka sauka a Jamestown a 1607 da limaminsu suka zo, Robert Hunt, kuma a cikin majami'ar garin ne majalisar wakilai ta farko ta zauna a 1619, wato tun fil azal cocin Ingila da gwamnatin Virginia a kwano ɗaya suke cin tuwo. To amma a kusan shekara 170 da Ingila ta yi tana mulkin wurin, ba a taɓa ajiye bishop ko ɗaya a ƙasar ba. Bishop na Landan ne ake cewa yana kula da su, alhali teku ce tsakaninsu, iyakacin abin da yake yi shi ne ya naɗa wakili, irin su James Blair wanda ya kafa kwalejin William and Mary a 1693. Duk saurayin da yake so a ɗora masa hannu ya zama limami, dole ne ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila ya dawo.

Inda babu bishop a kusa, sai iko ya faɗa hannun kwamitin dattawa na kowace ikilisiya, mutum 12, galibinsu manyan manoman taba masu bayi. Su ne suke yanka wa jama'a haraji, su gina majami'a, su ɗauki limami, sau da yawa ma shekara-shekara suke sabunta masa aiki don kada ya yi musu taurin kai. George Washington da George Mason duk sun zauna a kwamitin ikilisiyar Truro, wanda ya gina majami'ar Pohick da aka gama a 1774. Albashin limami kuwa laba 16,000 na ganyen taba ne a shekara. Da fari ya sa taba ta yi tsada a 1758, sai majalisa ta ce a biya limamai da kuɗi, kwabo biyu a kan kowace laba, ƙasa da farashin kasuwa sosai. Sarkin Ingila ya soke dokar, wani limami mai suna James Maury ya kai ƙara yana neman cikon haƙƙinsa, amma a 1763 wani matashin lauya, Patrick Henry, ya zuga masu taya alƙali hukunci har suka ce a biya shi kwabo ɗaya tak. Na kawo wannan ne don ka gane cewa mutanen Virginia sun daɗe suna kallon majami'a a matsayin kayansu, limami kuma ɗan ƙwadagonsu, bishop kuwa baƙo ne da ya zo daga baya.

Malam Sanusi, daga Kano:
Ni Musulmi ne, amma ina bin wannan magana da sha'awa, kuma ina roƙon a yi mini bayanin abu biyu kafin a yi nisa. Na farko, mene ne ainihin dayosis, kuma me ya sa ake kiran cocin nan na Amurka Efiskofal alhali na gida Angilikan muke jin ana cewa? Na biyu, a wurinmu idan mutum ya gina masallaci ya buɗe shi ga jama'a, ya zama waƙafi ke nan, ya fita daga mulkinsa, ba a sayar da shi, ba a gadonsa, kuma idan wasu suka saɓa da liman, abin da aka saba gani shi ne su ja jiki su gina nasu. Shin akwai irin wannan hukunci a wajenku, ko kuwa takardar fili ce kawai take magana?

Rabaran Ishaya, daga Kaduna:
Malam Sanusi, barka da zuwa, tambayoyinka kuma a kan hanya suke. Dayosis yanki ne na ƙasa da yake ƙarƙashin kulawar bishop guda, a cikinsa akwai ikilisiyoyi masu yawa, kowace da limaminta. A koyarwarmu, ikilisiyar unguwa ba ta tsaye da ƙafarta, bishop ne yake keɓe ginin domin sujada, shi yake ba limami izinin wa'azi da ba da jibin Ubangiji, shi kuma yake ɗora wa matasa hannu don tabbatar da baftismarsu. Kalmar Efiskofal daga harshen Helenanci take, tana nufin abin da ya shafi mai kula, wato bishop, saboda haka sunan cocin kansa yana cewa bishop ne ginshiƙi.

Dalilin bambancin suna kuwa siyasa ce. Bayan yaƙin neman 'yanci babu wanda yake son a danganta shi da Ingila, ga shi kuma dokar Ingila ta ce duk wanda za a keɓe sai ya yi wa sarki rantsuwar biyayya. Samuel Seabury na Connecticut ya je Landan neman a keɓe shi bishop aka ƙi, sai ya wuce Sukotlan, inda bishop uku suka ɗora masa hannu a Aberdeen ranar 14 ga Nuwamba, 1784. Daga baya majalisar Ingila ta sassauta dokar, aka keɓe William White da Samuel Provoost a 1787. Dayosis ɗin Virginia an kafa shi a 1785, amma bai sami bishop ba sai 1790, lokacin da aka keɓe James Madison, ɗan'uwan shugaban ƙasa mai wannan suna. Daga baya an yi ta yanka yankin, Virginia ta Yamma ta sami nata a 1877, na kudu ya fita a 1892, na kudu maso yamma kuma a 1919, kamar dai yadda dayosis ɗin Arewacin Najeriya na 1954 ya haifi na Kano da na Jos a 1980, har aka zo kan na Wusasa. A duk waɗannan rabe-rabe gini yana bin ƙasar da yake kai ne zuwa ga sabon bishop, ba a tambayar masu sujada su kaɗa ƙuri'a. Game da waƙafi, muna da abin da ya yi kama da shi, domin ginin da aka keɓe ba a mai da shi kanti ko gidan zama sai bishop ya sauke keɓewar.

Barista Rifkatu, daga Abuja:
Baba Yohanna da Rabaran sun shimfiɗa tabarma, bari in ɗora shari'ar a kai yadda ta gudana. A Nuwamban 2003 cocin Efiskofal ya keɓe Gene Robinson bishop na New Hampshire, mutumin da yake zaune a fili da namiji ɗan'uwansa a matsayin abokin rayuwa. Ikilisiyoyi da dama a Virginia suka ƙi amincewa, ransu kuma ya ƙara ɓaci da yake bishop ɗinsu, Peter Lee, yana cikin waɗanda suka ba da yarda. A Agustan 2006 Akbishop Peter Akinola ya keɓe Martyn Minns, limamin Truro da ke Fairfax, a nan Abuja, ya zama bishop na wani reshen mishan na Cocin Najeriya a Amurka da ake kira CANA. A Disamban wannan shekara Truro da The Falls Church da wasu ikilisiyoyi suka kaɗa ƙuri'a, kimanin kashi 90 cikin 100 a manyan biyun suka zaɓi ficewa, suka kuma ci gaba da zama a gine-ginen.

Abin da suka dogara da shi wata tsohuwar dokar jihar ce ta 1867, wadda aka yi bayan yaƙin basasa lokacin da ɗariku suke ta darewa, tana cewa idan ɗarika ta rabu, masu rinjaye a ikilisiya ne za su zaɓi reshen da za su bi da dukiyarsu. A 2008 Alƙali Randy Bellows na Fairfax ya ba su gaskiya. A Yunin 2010 Kotun Ƙolin Virginia ta rushe hukuncin, ta ce CANA ba reshen cocin Efiskofal ba ne, reshen Cocin Najeriya ne, don haka dokar ba ta hau kansu ba. Aka mayar wa alƙalin da shari'ar, ya bi takardun filaye da dokokin coci ɗaya bayan ɗaya, a Janairun 2012 ya ba dayosis gine-gine bakwai da suka rage a gabansa. Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da na The Falls Church a 2013, ta tarayya kuma ta ƙi sauraron ƙarar a 2014. Abin da zai ba mu sha'awa a nan shi ne, inuwar da suka fake a ƙarƙashinta, wato Najeriya, ita ce ta karya musu hujjarsu mafi ƙarfi.

Bulus, daga Jos:
Barista, na gode da wannan bayani, amma abin da kotu ta yanke daban, abin da yake adalci daban. Mutanen nan dubbai ne, su ne suke ba da baiko da zakka, su ne suka gyara rufin tsohon ginin, su ne kuma suka gina babban ɗakin sujada na zamani a gefensa a farkon shekarun 1990 da kuɗin aljihunsu. 'Yan tsirarun da suka tsaya tare da bishop ba su da yawan da za su cika ko kusurwa ɗaya, har ma a wani ɗakin sama na cocin Faresbiteriyan da ke tsallaken titi suka yi ta taruwa tsawon shekarun shari'ar. Ta yaya za a karɓe gida daga mutum dubu a ba mutum ɗari, don kawai ɗarin nan suna tare da mai hular bishop? Bugu da ƙari, waɗanda suka fice ba su ne suka sauya koyarwa ba, abin da kakanninsu suka karɓa shi suka riƙe. Idan ana maganar amanar waɗanda suka gina wurin a 1769, ina ganin masu ficewar sun fi kusa da abin da maginan suka gaskata.

Barista Rifkatu:
Yaya Bulus, hujjarka ta yawan jama'a tana da nauyi a zuciya, amma ka duba abin da suka sa wa hannu kafin rigima ta taso. A 1979 babban taron cocin Efiskofal ya kafa wata ƙa'ida da aka fi sani da sunan Dennis, wadda ta ce duk dukiyar da ikilisiya take riƙe da ita amana ce ta dayosis da cocin ƙasa baki ɗaya. The Falls Church ta ci gaba da tura wakilai taron dayosis shekara da shekaru bayan haka, dattawanta suna rantsuwar bin dokokin coci duk lokacin da aka zaɓe su, kuma sabon ɗakin sujadar da ka ambata bayan wannan ƙa'ida aka gina shi. Wanda ya yi gini a filin da ya san na gandu ne, ba zai zo ranar rabuwa ya ce zai ciri ɗakinsa ba. Sai dai don kada in yi son kai, ba a kowace jiha dayosis na Efiskofal ya ci nasara ba, domin a 2020 Kotun Ƙolin Texas ta bar wa waɗanda suka fice a Fort Worth dukiyarsu, saboda dokar amana ta can ta ba su damar janyewa.

Saratu, daga Zariya:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na lura ana ta ambaton waɗanda suka gina wurin kamar dattawan nan 12 ne suka cuɗa yumɓu suka gasa bulo da hannunsu. Bayi ne baƙaƙen fata suka yi mafi yawan wannan aiki, tabar da ake biyan limami da ita ma su suka noma ta. A 1667 majalisar Virginia ta yi doka cewa baftisma ba ta 'yanta bawa, don iyayengiji su bar bayinsu su zama Kirista ba tare da fargabar rasa su ba, kuma cocin da muke magana a kai shi ne cocin gwamnatin da ta yi dokar. Idan bawa ya shiga sujada, a baya ko a bene ake ajiye shi. Saboda haka, Yaya Bulus, idan aka ce a koma ga abin da maginan 1769 suka gaskata, to a haɗa har da wannan, ba a zaɓi mai daɗi a bar mai ɗaci ba. Sai a 2017 ne aka kafa allo a harabar The Falls Church domin tunawa da bayin da suka yi aikin ginin, a wannan shekara kuma dattawan Christ Church ta Alexandria, wadda aka gama a 1773, suka yanke shawarar cire allunan tunawa da Washington da Janar Robert E. Lee, kwamandan sojojin Kudu masu riƙe da bayi a yaƙin basasa, daga gefen bagadi. Makarantar tauhidi ta Virginia, wadda aka kafa a 1823, ta ware dala miliyan 1.7 a 2019 domin jikokin waɗanda aka sa aiki a harabarta. Idan gumi ne yake ba da mallaka, akwai masu haƙƙi na uku da ba su shiga kotun ba ma.

Bulus:
Saratu, ban yi jayayya da ko kalma ɗaya a cikin tarihin da kika kawo ba, kuma abin kunya ne ga cocin. Abin da nake nufi da bangaskiyar magina shi ne Littafi Mai Tsarki da littafin addu'o'in da suke karantawa, ba zaluncin da suka aikata sabanin su ba. Kuma ki lura, zunubin bautar da mutane ya hau kan dayosis kamar yadda ya hau kan ikilisiya, don haka bai ba wani ɓangare fifiko a kan ginin ba.

Malam Yohanna:
Akwai wani zango na tarihin da ba a taɓo ba, wanda a ganina shi ne ya fi kusa da amsa tambayar Istifanus. Bayan 'yanci harajin coci ya tsaya, a 1786 aka zartar da dokar 'yancin addini da Thomas Jefferson ya rubuta, a 1802 kuma majalisa ta ba da izinin ƙwace gonakin da aka ware wa limamai. Nan da nan manyan manoman nan masu cewa majami'a tasu ce suka watse, limamai suka kama wata sana'a, gine-gine da yawa suka zama kango, wasu aka kwashe bulonsu aka yi gidaje. Abin ya kai ga taron dayosis ba ya samun mahalarta sai 'yan ƙalilan. Wanda ya tashi matattun nan shi ne bishop, da farko Richard Channing Moore daga 1814, sannan William Meade, wanda ya yi ta yawo a kan doki yana neman kangayen, yana tara 'yan tsirarun da suka rage, yana tura musu matasan limamai daga makarantar tauhidi ta Virginia da ke Alexandria. Da yaƙin basasa ya zo, sojojin Arewa suka mai da The Falls Church asibiti, daga baya bargar dawaki, Pohick kuma suka yashe cikinta, aka sake farawa daga tushe.

Ga darasin da na ɗauka, Bulus, kuma ina faɗa ne duk da cewa a kan batun 2003 zuciyata tana tare da masu ficewa. Taron jama'a kamar kasuwa yake, yau ya cika gobe ya watse, kuma ginin da ya kai shekara 250 ya ga cika da watsewa sau da yawa. Idan aka ce masu rinjaye na kowane zamani ne masu gini, to mutanen 2006 za su tafi da shi, na 2040 kuma su kai shi wani wuri dabam, wataƙila inda Bulus ba zai so ba. Mu nan Wusasa mun san wannan, domin majami'ar St. Bartholomew da aka gina da tubalin ƙasa a 1929, bayan mishan ya taso daga cikin birnin Zariya inda Dokta Miller ya zauna, 'ya'yan waɗanda suka gina ta sun bazu Kaduna da Legas da ƙasashen waje, amma gini na ƙasa ba ya jiran kowa, damina ɗaya aka yi sakaci da yaɓe sai ya fara zuba. Dole ne a sami wata hukuma da ba ta ƙaura.

Saratu:
Baba, a gafarce ni, amma ba dayosis kaɗai ne ya ceci gine-ginen ba. Akwai majami'ar Mangohick a gundumar King William, wadda aka gina wajen 1730 domin cocin Ingila, aka yi watsi da ita bayan 'yanci, kuma tun bayan yaƙin basasa ikilisiyar Baptis ta baƙaƙen fata ce take sujada a cikinta tana kula da ita. Wannan gini ba bishop ne ya raya shi ba, waɗanda suka shiga suka share suka yi addu'a ne, wataƙila ma jikokin waɗanda suka ɗora bulonsa. Akwai kuma waɗanda ba coci ne yake riƙe da su ba sam. Hasumiyar tsohuwar majami'ar Jamestown tana hannun ƙungiyar adana kayan tarihi tun 1893, St. Luke's ta Smithfield, wadda aka daɗe ana cewa ta 1632 ce kafin bincike ya mayar da ita wajen shekarun 1680, gidauniya ce take kula da ita, haka ma Christ Church ta gundumar Lancaster da Robert Carter ya biya kuɗin gininta aka gama a 1735.

Malam Yohanna:
Gaskiyarki, 'yata, Mangohick ta rage wa maganata ƙarfi, na kuma karɓa. Sai dai ki lura cewa kango suka tarar babu mai shi, ba wani suka fitar ba. Waɗanda suke hannun gidauniya kuwa, an adana bulo amma sujadar mako-mako ta tsaya, sun zama wurin da baƙi suke zuwa kallo. Majami'ar Bruton ta Williamsburg, ta 1715, ita ce ta haɗa biyun, domin limaminta Goodwin ne ya shawo kan attajiri Rockefeller ya zuba kuɗi aka farfaɗo da tsohon garin tun daga 1926, kuma har yau ikilisiya ce mai rai a ƙarƙashin dayosis na kudancin Virginia.

Rabaran Ishaya:
Ina so in ce wani abu game da hannun da Najeriya ta sa a wannan al'amari, ko da ba zai yi wa wasunmu daɗi ba. A fahimtar shugabanninmu na lokacin, 'yan'uwa ne suka nemi mafaka aka ba su, kuma suna iya kafa hujja da Seabury, wanda shi ma da ƙofar Landan ta rufe sai ya nemi hannun wani coci. A 2005 ma Cocin Najeriya ya gyara tsarin mulkinsa, ya daina ɗaure kansa da kujerar Kantabari, wato ta babban bishop na cocin Ingila. To amma tsohuwar ƙa'ida ce tun ƙarnonin farko cewa bishop ba ya shiga yankin wani bishop ya yi aiki ba da izininsa ba, mu ma kuma muna tsare ta a gida da ƙarfinmu. A dayosis ɗin da nake hidima, takardun filayen coci da sunan amintattun dayosis ake yin su, ba da sunan ikilisiya ba. Da a ce wata babbar ikilisiya a Kaduna za ta kaɗa ƙuri'a gobe ta ce ta koma ƙarƙashin wani bishop na Kenya tare da gininta, na tabbata Bulus da ni za mu kasance a sahun gaba wajen cewa ba ta isa ba. Ana iya yarda da dalilin ficewarsu ba tare da an yarda cewa ginin zai bi su ba.

Bulus:
Rabaran, wannan misali ya kama ni, ba zan yi gardama ba. Amma ko da doka tana tare da dayosis, ai ba dole ne mai gaskiya ya karɓi duk haƙƙinsa ba. An kashe miliyoyin daloli na baiko a kan lauyoyi daga ɓangarorin biyu, alhali manzo Bulus ya tsawata wa Korintiyawa a kan kai juna gaban kotu. Me ya hana a sayar musu da sabon ɗakin sujadar, a bar wa dayosis tsohon ginin na tarihi?

Barista Rifkatu:
An yi abin da ya yi kusa da haka a Truro, Yaya Bulus. Bayan hukuncin 2012, bishop na lokacin, Shannon Johnston, da limamin Truro, Tory Baucum, sun ƙulla abota duk da saɓanin da ke tsakaninsu, aka yi yarjejeniyar haya, dayosis ya riƙe mallaka, ikilisiyar Angilikan kuma ta ci gaba da sujada inda ta saba. The Falls Church ce ta zaɓi ta bi shari'ar har ƙarshenta. A wannan lokaci ma mafi yawansu sun riga sun shiga sabon cocin Angilikan na Arewacin Amurka da aka kafa a 2009, wato rumfar Najeriya ta wucin gadi ce tun asali.

Malam Sanusi:
Na ƙaru ƙwarai, kuma na ga hukuncin da aka yanke bai yi nisa da abin da na sani na waƙafi ba, inda mai kula yake canzawa amma abin da aka keɓe ba ya bin kowa gida. Saura abu ɗaya da yake damuna. Na ga a hotuna cewa irin waɗannan majami'u kaburbura ne suka kewaye su. Waɗanda suka fice, iyayensu da ke kwance a harabar fa, ana barinsu su ziyarce su?

Istifanus:
Malam Sanusi, harabar a buɗe take, ni kaina na zaga cikin kaburburan babu wanda ya tambaye ni daga ina nake, wasu duwatsun ma rubutunsu ya goge saboda tsufa. Na nuna wa abokin nawa abin da aka rubuta a nan yau da rana. Ya daɗe a kan maganar Rabaran Ishaya game da Kaduna, sannan ya ce har yanzu yana ganin an zalunce su, amma a tsohon ginin aka yi wa 'yarsa ta fari baftisma a 2009, kuma yarinyar ta sha tambayarsa ya kai ta ta ga wurin. Mun shirya za mu je tare da ita ranar Asabar, lokacin da babu sujada. Mangohick kuma tafiyar kamar awa biyu ce daga nan a mota, Saratu, zan nemi Lahadin da ba ni da aiki in je in zauna tare da su, in kawo muku hotunan bulon.